Birkin da ke Bayan Cinya

Ƙarfe shida a Gangare, sanyi na cizon kunne,
Tasi'u ya tsaya gaban madubin ɗakin motsa jiki
yana yaba kumburin gaban cinyarsa.
Na ce: juya.
Abin da zai kayar da kai
madubi bai taɓa nuna maka shi ba.

Su uku ne, 'yan ɗaki ɗaya,
cibiyarsu binne a ƙashin da kake zama a kansa.
Tare suke gangarowa har su hango gwiwa,
nan hanya ta rabu:
biyu su bi ta ciki,
ɗaya, mai kai biyu, ta ratse waje
ta kama siririn ƙashin ƙauri.
Sa yatsa a bayan gwiwarka. Lanƙwasa.
Ka ji igiyoyi sun miƙe? To, gaishe su.

Iyayen gida biyu suke wa bauta.
Gwiwa ta ce naɗe ni, su naɗe.
Ƙugu ya ce ɗago ni, su ɗago.
Amma babban aikinsu ba a tafa masa.
Tambayi direban tirela a gangaren Hawan Kibo,
inji yake wa addu'a
ko birki?
Ƙafa in ta wulla gaba a guje
su ke riƙe ta, suna miƙewa suna ja,
kafin diddige ya sauka.

Ni a filin wasa na koya, ba a aji ba.
Saura taku ashirin,
na ji kamar an jefe ni da dutse ta baya.
Na waiga. Babu kowa.
Kwana uku, cinya ta rine kamar an tsoma ta a baba,
wata biyu ruku'u yana gagara ta,
benci ma sai da gefe ɗaya.

Don haka durƙusa kan tabarmar nan.
Dalyop, danne masa dugadugai.
Miƙe bayanka. Sauko a hankali,
kamar mai sauke tulu cike da ruwa,
kada ka bari ƙasa ta fizge ka.
Ɗaya.
Biyu.

A uku ya kife, tafin hannu ya sha siminti.
Ya ɗago yana dariya yana shafa baya:
Koci, ashe akwai mutane a nan?

Akwai.
Gobe za su yi maka magana a kan matakala.
Jibi ka dawo, mu nemi huɗu.