Shafi na Talatin da Ɗaya

Sunana ya kwana uku a kotun Maradi
ban sani ba.
Ƙanen mijina, mai share ofishin alƙali, shi ya tsinto shi:
shafi na talatin da ɗaya, layi na biyu daga ƙasa,
tsakanin batir shida na asibitin Jiratawa
da lambar wani babur marar takarda.
Ko rubuta shi ba su iya ba,
Barira ta koma Barila.

Lawali Na-Kande ne ya ambace ni.
Jandarma suka ce, ina ka shiga a wannan mako?
Ya ce, ran Talata dai ina gindin bedi
ina karanta wa wata malamar jami'a magana,
mai koya wa na'ura jin Hausa.
Jika biyu ta ba ni, da ruwan leda.
Iyakarta ke nan. Ba sammaci, ba tuhuma.
Magatakarda ya ɗiga aya, ya koma kan batir.

Amma zance ya riga ni isa Bagalam.
Mai ƙosan bakin layi ta miƙo canji tana kallon kasko.
Inna ta bugo daga Tibiri:
duk bokon nan, a takardar ɓarayi zai ƙare?

Shekara bakwai ina gaya wa ɗalibai
na'ura ba ta san kalma ba, maƙwabtanta take dubawa.
In ta ga gero kusa da rumbu sau dubu
sai ta ce ƴan gida ɗaya ne.
Ashe unguwarmu ta fi ta saurin karatu.
Sau ɗaya tak aka ajiye ni kusa da sata.

Da wuta ta dawo cikin dare na buɗe kwamfuta.
Murya ta ɗari uku da sha biyu, namiji, manomin zogale.
Na sa a kunne.
Gulbi ya kawo ruwa.
Nawa ne tiyar wake?
Ya yi tari, ya ce, gafara Malama, in sake?
Can baya akuya na kuka, injin ban-ruwa na tutturwa.
Talata ce, sha ɗaya da minti tara.
Batir kuwa daren Laraba suka yi ƙafa.
Muryar ba ta wanke shi ba,
ba ta kuma kama shi ba.

Na ɗora yatsa a kan gogewa, na daɗe.
Daga bakinsa na'urar da nake reno ta koyi
yadda mutanen fadama ke haɗiye ƙarshen magana.
In na cire shi, za ta kurmance ta kunne guda.
Na bar shi.

Gobe hanyata ta gaban kotu take.
Har yanzu ban yanke ba:
in shiga in ce a mayar mini da harafina,
ko in ƙyale Barila, ko wace ce ita,
ta ci gaba da ɗaukar kayan.