Sa Hannu a Nan

Shekara ashirin da biyu ina dakon kayan gwamnati:
bindiga, gorar ruwa, bargo,
da umarnin wanda bai san sunana ba.
Kofur Mumuni, ɗan Abuwabo,
kafin ladan ya yi gyaran murya
takalmina ya fi goshin kyaftin sheƙi.

Yau kayan kowa nake ɗauka.
Jan akwati a bayan babur, waya a aljihun gaba.
Wata yarinya a ofishin Adum ke ba ni oda,
kakin da na yi faretin ƙarshe da shi ya kusa girme ta.
Ta ce, "Baba, ka makara."
Hannuna ya zabura zai sara mata,
na danne shi, na ce, "To."

A Labanan na koyi karatun hanya:
dutsen da aka juya, ƙasar da aka tone jiya,
shirun da ya wuce kima.
Ilimin bai ɓaci ba a Kejetiya.
Tsakanin torotoro da kurar mai doya
akwai 'yar kafa da ba ta kai taƙi ba,
ta nan nake wucewa, ina salati.

Adireshi a Kumasi labari ne:
"Wuce masallaci, za ka ga mai koko,
tambaye ta gidan da aka yi suna ran Asabar."
Na kai takalmi Tafo, maganin hawan jini Asawase,
na kai wa makanikin Suwame ƙarfen da ya kusa karya min baya,
na kai kek ɗin biki ana tafka ruwa,
na tuɓe rigata na lulluɓe shi
kamar yadda muka lulluɓe Buwaci.

To, ba a babur na fara aike ba.
Saƙona na fari akwatin ƙarfe ne, daga Laberiya.
Agogo, hula, littafin addu'arsa da damina ta ci,
da 'yar tsana mai ido ɗaya, tsarabar jaririya.
Kwabina Buwaci. Gwangwanin sadin ɗaya muke rabawa.
Yakan tsare ni ina salla,
nakan tsare shi yana barci.
A daren da abin ya faru, ni ke barci.

Na ɗauko akwatin a ka har Bantama,
gida mai ƙaramin mangwaro a ƙofa.
Matarsa ta riƙe ƙyaure, ta ƙi miƙo hannu.
Na ajiye a ƙasa, na ƙame, na juya.
Takardar ta dawo bariki fara fat.

Larabar da ta wuce waya ta ce: Bantama.
Keken ɗinki, sabo, cikin kwali.
Na shiga lungu, gwiwata ta riga idona gane wurin.
Mangwaron ya haye kwano.
Mace ta fito da goyo,
ga wushiryarsa, ga goshinsa, ba a rage komai ba.
"Ka sha rana, Baba. Ga ruwa."
Na sha. Na miƙa biro. "Sa hannu a nan."
Ta rubuta a hankali: Akosuwa Buwaci.

Na san ubanki.
Maganar ta zo wuya ta tsaya, kamar ƙayar kifi.
Ta ba ni sidi biyar, kuɗin goro.
Soja ba ya karɓa. Ɗan aike yana karɓa.
Na karɓa da hannu biyu.

A bakin titi na kashe babur.
Waya na ta kuka, wai saura saƙo shida.
Na buɗe takardar, na shafa rubutun da ɗan yatsa.
Shekara talatin ina bin gidan nan bashin sa hannu.

Na ninke ta, na tura aljihu, wajen da lamba take zama da.
Na buga babur, sau biyu ya ƙi, na uku ya tashi.
Ana jira a Asafo,
shinkafar wani tana hucewa.