Kar Ka Fige

Shekararsa sha biyar, murya ta fashe,
magana ta koma "to" da "a'a".
Lurwanu, da yake bin sawuna zuwa gona
yana tambayar me ya sa gwano ke wari,
yanzu sai na yi sallama sau biyu
kafin ya ɗago kai daga waya.

Uwarsa ta ce, "Samo masa abin kiwo,
abin da zai tashe shi da asuba."
Na auna riɗi tiya huɗu na sayar,
ran Lahadi na goya shi a babur, sai Gujungu.

Ni zomo na nufa.
Tun a hanya na gama lissafi:
mace ɗaya, wata ɗaya, 'ya'ya bakwai,
kafin Sallah ga kuɗin takalmi.
Ya shafa bayan zomon, ya janye hannu.
"Baba, wannan don wuƙa ake kiwonsa."

Ɓeran Masar na ta tsuwa a kwali.
Na ce ciyawa kawai yake ci, ga arha.
Ya ce Inna za ta bi shi da taɓarya,
ba ta san Masar ba, ɓera ta sani.
Na yi dariya. Shi ma saura kaɗan.

Kanari ya fi ƙarfin riɗina.
Wani yaro ya zaro kunkuru daga buhu,
Lurwanu ya ce, "Masu shiru biyu sun yi wa gida yawa."
Ashe ya san yana shiru.

Can ƙarshen layi, bayan masu kaji,
wani tsoho da hularsa ta sha gumi
na gadin kejin kara, tattabaru biyu a ciki.
Namijin ruwan toka, wuya na sheƙi,
macen fara, da ɗigon baƙi a kafaɗa
kamar alƙalami ya yarfa mata tawada.
Lurwanu ya tsuguna, bai ce uffan ba.
Na gane tsugunon.
Haka nake yi gaban shukar da ta fito da kyau.

Tsohon ya ce, "Bari in fige musu fuffuke.
In ba haka ba, gobe war haka suna gidana a Taura,
kai ka yi asara, ni in sake sayarwa."
Yaron ya riƙe masa hannu.
"Kar ka fige."
"To kulle su sati uku.
Gero, ruwa mai tsabta, ɗan gishiri.
Daga nan ka buɗe.
In sun dawo, naka ne.
In ba su dawo ba, da ma aro ka yi."

Na biya ban taya ba,
abin da ban taɓa yi ba a kasuwa.

Ya huda tsohon tulu, ya kafa a katanga,
ya rufe bakin da raga.
Kafin ladan ya yi gyaran murya ya tashi.
Ta bayan danga nake jin sa yana musu hira,
duk kalmomin da ya hana mu wata shida
yana barbaɗa musu tare da gero.

Yau sati uku cif. Da hantsi ya buɗe.
Suka kewaya kukar masallaci sau biyu,
suka miƙe wajen Taura.

Yanzu la'asar ta yi sakaliya.
Yana kan katanga, gero a tafin hannu,
ni ina ƙasa ina gyaran fartanyar da ba ta lalace ba.
A aljihuna akwai takarda ninki huɗu:
makarantar kwana ta ɗauke shi a Haɗeja.
Tun Talata ta zo. Ban nuna wa kowa ba.
Wa zai kama mini noma?
Wa zai goya ni ranar da ido ya gaza?

"Baba, ka hango wani abu?"
"Tukuna," na ce.
Sama fayau, sai shirwa ɗaya can nesa.
Na jingine fartanya,
na goge hannu a riga,
na sa shi a aljihu.