Kashi na Biyu

A ƙarshen kashi na ɗaya an harbi Uban Gida
a bakin rumfar zaɓe, da furanni a wuyansa.
Ya faɗi sannu a hankali, yadda suke faɗuwa a can,
ganga na tashi, ruwan sama na zuba.
Malam Bappayo ne ya ja masa numfashin ƙarshe da Hausa
a ɗakinmu na bayan Tashar Dukku,
inda muka lulluɓe bango da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa
don kada kiran 'yan kamasho ya faɗa cikin Indiya.

Shekara uku tsakani.
Kashi na biyu ya iso Gombe
sati bakwai bayan mun kai Malam makwancinsa.

A fim ɗin kujera na tsakiyar zaure,
ba wanda ya zauna, kowa na kewaya ta.
Ga ɗan da ya dawo daga karatu da kwat da tabarau.
Ga direban da ya shekara ashirin yana wanke jini a bayan mota.
Matar mamacin, cikin fararen kaya, ba ta ce uffan ba,
amma makullan na ƙulle a bakin mayafinta.

Mu ma makirufo ɗaya gare mu.
Gidado ya zo da takardar haya mai sunan ubansa.
Ni na zo da maƙogwarona,
da shekara goma sha ɗaya ta sayo fetur a galan,
ta lallashin janareto,
ta yin muryar kurtu da ta maroƙi da ta kare
da ta duk wanda za a mara sau ɗaya ya fice daga labari.

Minti na saba'in da shida
hoto ya koma fari da baƙi, matacce ya dawo.
Daren jajibirin zaɓe ne, yana kurɓar shayi,
ya ajiye kofi zai faɗi magaji.
Gidado ya gwada sau huɗu,
murya ta fito siririya, ba ta cika gemun ba.
Ya turo mini makirufo ba tare da ya dube ni ba,
ya tafi La'asar.

Rubutun ƙasan hoto ya ce: na bar wa ɗana komai.
Leɓen Uban Gida ya motsa sau bakwai, na ƙirga.
Na bar wa yaron gida.
Ita ma bakwai ce cif.

Wa zai kama ni?
Daga Bolari har Kumo, har Bajoga,
mai jin yaren nan yana ƙarƙashin ƙasa.
Abin da na faɗa, shi mamaci ya faɗa.
'Yan acaɓa za su rantse a kai,
a teburin mai shayi za a ɗaga murya:
ai ɗan nan ɓarawon gado ne, direba ke da gaskiya!
Sauran fim ɗin kuwa na san yadda ake lanƙwasa shi.
Malam da kansa yakan ce,
Ba'indiye hoto ya ɗauka, labari a bakinmu yake.

Na danna jan maɓalli, na buɗe baki.
Abin da ya fito ba nawa ba ne.
Har da ɗan tarin nan da yake yi kafin magana,
har da yadda yake jan wasali irin na Fulanin Nafada.
Tsigar jikina ta tashi.
Na ɗauki ta farko. Na ɗauki ta biyu.
Na ajiye su gefe da gefe, ban sa wa ko ɗaya suna ba.

Gidado ya dawo da yashi a goshi,
ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da takalmansa.
Ya ce, na ji Baba tun daga masallaci.
Me ya ce?

Janareto ya yi tari sau biyu, ya ɗauke.
A cikin duhun na ce, je ka sayo mai.
Ya daɗe a tsaye.
Sannan na ji ya laluba ya ɗauki galan.