Gwangwanin Biskit

Wata tara ina tara su a gwangwanin biskit,
wasiƙu masu ruwan ƙasa, masu 'yar taga,
sunana na leƙowa ta ciki kamar ɗan kurkuku.
Ban buɗe ba. Na san muryarsu.
Da fari baƙin rubutu, sannan ja,
sannan jan da ya fi ja.

Hull garin ruwa ne,
safe yayyafi, yamma yayyafi,
amma akwai ruwan da ba ya jiran hadari:
kuɗin ruwa, mai sauka tsakar dare, mai sauka ran Lahadi,
a kan katin da na yi wa Inna aikin ido,
a kan gas ɗin sanyin bara,
a kan tikitin da na yanka zuwa Gusau
na tarar an riga an kai Baba makwanci.

An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.
To, nawa ya murɗe.

Bakwai zuwa bakwai ina ɗaga tsofaffi,
ina juya Mista Alf kada bayansa ya yi gyambo,
waya na kuka a aljihuna, lamba ba suna.
Ya ce, “Ba ki ɗauka?”
Na ce, “Ba ni suke nema ba.”
Ya yi dariya da bakin da ba haƙori,
ya ce shekarar da jiragen kifi suka daina fita
shi ma ya taɓa zama ba shi ba.

Ran Talata na sa gwangwanin a jakar cefane,
na hau bas zuwa ofishin masu ba da shawara.
Misis Thackray, da shayi ta fara.
Ta miƙo wuƙar buɗe wasiƙa:
“Uwani, ke za ki yanka ko ni?”
Na yi bismilla, na yanka.

Talatin da huɗu.
Muka baje su a tebur kamar shanyar kuɓewa.
Fam dubu goma sha ɗaya da ɗari uku da sittin.
Da na ji adadin, sai numfashina ya dawo.
Ashe dodon bayan ƙofa
ya fi wanda aka auna tsayinsa girma.

Hanya uku ta zana mini.
Sabon rance ya haɗiye tsofaffin.
Na ce a'a, wanda ke cikin rami ba ya ƙara haƙa.
Ko in ɗaga hannu in ce na karye.
Ta ce ba abin kunya ba ne, na kuma yarda da ita,
sai dai na tuna Baba,
wanda ko bashin goro bai taɓa kwana da shi ba.
Ko kuma a roƙi masu bi su tsayar da ruwan,
in riƙa biya da cokali abin da na ci da ludayi.

Muka cire haya, muka cire wuta,
shinkafa, bas, takalmin makarantar Jidda.
Alƙalaminta ya tsaya a kan fam tamanin na Inna.
“Wannan dole ne?”
Na lalubi Turancin da zai ɗauki amsar, ban samu ba.
Na ce, “Mai da shi hamsin. Amma kar ki goge.”
Ba ta goge ba.

Ɗari da arba'in da biyar duk wata.
Shekara shida da rabi.
Jidda za ta gama sakandare ta bar ni ina biya.
Na sa hannu, hannun bai yi rawa ba.

Da dare na kira Inna na faɗa mata komai.
Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke,
sannan ta ce, “Da idon da kika saya mini
nake ganin kin rame.”

Gwangwanin yanzu daddawa ce a ciki.
Jiya wata wasiƙar ta faɗo ta ƙofa,
mai ruwan ƙasa, mai 'yar taga.
A tsaye na buɗe ta,
ko takalmi ban cire ba.