Maki Ashirin

A rumfar Jibrilla, kusa da gadar Binuwai a Garwa,
inda sefa ɗari ke cika wa waya ciki,
na zauna da maki ashirin a hannu
da wani ɗan taliki a fuskar gilashi,
ba suna, ba sanda, ba ko takalmi,
wai ni zan ƙera shi.

Na ce matsafi nake so.
Na yafa masa alkyabba ruwan toka,
na ba shi gemu irin na bunsuru,
na raɗa masa suna Tsawa.
Sai wasan ya ajiye min ƙwarya huɗu:
Wuta, Garkuwa, Jini,
da Numfashi, shuɗiyar rijiyar nan da ake ɗibar tsafi.

Zuciya ta ce Wuta.
Sha bakwai na juye mata, kamar mai zuba barkono
ranar da ya yi fushi da mutanen gida.
Zo ka ga Tsawa a bakin kogo!
Ya ɗaga hannu, dodanni uku suka koma gawayi.
Ya sake ɗagawa, rijiya ta ƙafe.
Sai wani ɓera, ɓera fa, mai haƙori guda,
ya lallaɓo ya kama diddige.
Tsawa ya zube kamar buhun auduga.
Jibrilla ya yi dariya har sukudireba ta suɓuce masa.

Washegari tsoro ne ya yi rabon.
Na cika Garkuwa, na cika Jini,
Tsawa ya zama kunkuru mai gemu,
ba a kashe shi ba, shi ma bai kashe kowa ba.
Minti arba'in yana kokawa da jemage
har wutar gari ta ɗauke, waya ta mutu.
Ina jin jemagen na can yana jiranmu.

Karo na uku, biyar-biyar, kamar goron suna.
Ya fito ba yabo ba fallasa,
kunu ne ba tsami, ba zaƙi.
Ya kai tsakiyar daji
ya tsaya yana tunanin me ma ya iya.

Ran Lahadi na kai wa kawu Hamajoda tuwo bakin ruwa.
Lodin kwalekwale yake yi:
buhunan albasa, jarkar mai, akuya biyu,
da wata mata rungume da keken ɗinki.
Na ce, kawu, ai gefen nan ya fi nauyi.
Bai ko dube ni ba.
Ya ce, daga can ruwa ke turowa.
Jirgi ba sikeli ba ne, yaro.
San inda za ka, san abin da zai buge ka a hanya,
kuma ko nawa aka biya ka,
bar wurin da za ka durƙusa ka kwarfe ruwa.

Da dare na buɗe ƙoren nan huɗu.
Wuta takwas, don ita ce sana'arsa.
Numfashi shida, kada a kira biki ba ruwa a randa.
Jini huɗu, saboda ɓera.
Garkuwa biyu kacal,
sauran kariyar ƙafa ce, a koyi ja da baya.

Ɓeran ya zo, ya ciji inda ya saba.
Tsawa ya yi ɗingishi, ya waiga, ya gasa shi.
Mun haye kogo, mun haye dajin,
har gaban macijin da ke gadin ƙofar ƙarshe.
Ya kashe mu, ba zan ɓoye ba,
amma sai da ya haɗa gumi.

Jibrilla ya miƙo biro da bayan kwalin batir,
wai in rubuta masa lambobin.
Na rubuta.
Ya gwada, ya mutu tun a kogo.
Shi bai iya ja da baya ba,
ko a kan babur.