Dalma da Yaji

Na tsaga duro biyu, na ɗora rabi kan bulo huɗu
a bayan gidanmu na haya, Agege, gefen layin dogo.
Gawayin Iya Sikira ne, da ɗan danshinsa kamar kullum,
don a Ikko ko gishiri zufa yake yi.

Wutar gashi ba ta da alkawari.
Ka juya ka amsa sallama, ta lashe gefen tsire,
ka tsaya a kanta, ta yi lamo kamar ba ita ba.
Shi ya sa na tafi Alaba ran Asabar,
na tsuguna gaban tarkacen Uchenna,
na tsinto fankar wata matacciyar kwamfuta,
da waya mai jin zafi, siririya kamar tsinken sakace,
da ɗan koren allo da bai cika tafin hannu ba.
Batirin na babur ne, aro.

Duk na cusa su a gwangwanin madara.
In zafi ya sauka, fanka ta tashi ta hura,
in ya haura, ta kama bakinta.
Iyakar karatun da na koya mata ke nan,
ya ci mini dare uku da fatar babban yatsa.

Sai da dalma ta narke a bakin ƙarfe,
hayaƙinta ya murɗe ya shige mini hanci,
sannan Baba ya shigo.
Shekara tara da muka kai shi makwanci,
amma ga shi nan da tabaransa mai ƙafa ɗaya,
zare ya riƙe ɗaya gefen,
sukundireba a bayan kunne inda wasu ke maƙala biro.

Tanimu mai rediyo.
Bai taɓa yarda abu ya mutu ba.
"Suma ya yi," yake cewa, ya kwance bayansa.
Ya yi wa ƙofarmu ƙararrawa
mai kaɗawa duk sa'ad da jirgin ƙasa ya wuce,
Inna ta yi ta jan mayafi tana tarbar baƙon da babu.
Ya haɗa na'urar korar sauro,
sauro suka mai da ita majalisa.
Agogon masallacinmu kuwa, tun da ya taɓa shi
yake gaba da minti bakwai,
liman ya ce a bar shi haka, sahu ya fi cika.

Ni ne mai riƙe masa tocila.
"Haska nan, ba fuskata ba."
Yakan kai ƙarfen kusa da kunci,
ya lumshe ido, ya ce, "Da saura."

Daren gwaji na haɗa waya a baibai.
Fanka ta tashi ta ƙi tsayawa,
toka ta yi wa nama rawani,
kilo biyu na cinya suka koma gawayi, ɗan'uwan gawayi.
Na zauna kan bokiti ina dariya
har na ji ba muryata ba ce.

Yau ta daidaita.
An ɗauke wuta, janaretocin unguwa sun kaure,
jirgin sama na saukowa Ikeja da cikinsa a waje.
Fanka na numfashi, ta huta, ta sake,
kitse na ɗiga, yaji da ƙuli na kama jiki,
lambobi jajaye sun tsaya inda na ce su tsaya.
Duk da haka na miƙa bayan hannu saman garwashi,
ban san lokacin da na lumshe ido ba.

Zulai ce ke riƙe da fitilar waya,
shekararta shida, hannunta na yawo.
Na buɗe baki, maganar ta fito da kanta,
ta sauke hasken kan nama.

Can ta duƙa ta tsinci guntuwar wayar da ta ƙone.
Na ce ta yar, ta mutu.
Ta jujjuya ta a haske,
ta dube ni, ta sa a aljihu.